Hanta Da Jini

Idan Bahaushe zai kwatanta mutum biyu da ba a raba su, sai ya ce kamar hanta da jini suke. Idan kuma tsoro ya kama shi, hantar cikinsa ce ke kaɗawa kafin gabansa ya gama faɗuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan rago ranar layya ana feɗe shi ya ga inda maganar ta samo tushe. Hanta da zuciya maƙwabta ne, wani tantani ne kawai a tsakaninsu, kuma jinin da ya bar hanta ba ya yada zango ko'ina sai cikin zuciya.

Amma da zarar an zo maganar ciwo sai mu raba su. A Sakkwato idan aka ce wane yana da ciwon hanta, abu biyu ke zuwa wa mutane a rai: ko dai ƙwayar cutar hanta nau'in B, ko kuwa giya. Na farkon ba a ga laifinmu ba, domin binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ita, kuma da wuya a sami gidan da bai taɓa jinyar mai shawara ba. Na biyun kuma abin kunya ne, ba a ma son a ambata. Ciwon zuciya kuwa mun ajiye shi a wani ɗaki daban, mun ce na masu tunani ne da masu baƙin ciki. Akwai wani ciwon hanta na uku da bai shiga lissafinmu ba, ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba kuma giya ba, kuma shi ne ya fi kusa da zuciya. A cikin wata leda na fara gamuwa da shi.

Kawuna ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwar yadi a Babbar Kasuwar Sakkwato. A gidansa na Ƙofar Marke na yi rabin ƙuruciyata, shi ne kuma ya saya mini kwamfutata ta farko lokacin da na shiga jami'a, duk da bai taɓa gane abin da nake yi da ita ba. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, mai tumbin da abokansa ke shafawa suna cewa Alhaji an ji daɗi. Da ƙafa yake zuwa kasuwa sa'ad da nake yaro. Daga baya ya koma hawan kabu-kabu, daga nan ya sayi mota, tafiyar da ta rage masa a yini ita ce daga ƙofar shago zuwa masallaci.

A watan Mayu na 2023, ana tsakiyar zafin bazara, ya ji wani nauyi a ƙirji bayan La'asar, zufa tana keto masa. Ya ɗauka olsa ce, ya aika aka sayo masa maganinta. Sai bayan Isha'i, da numfashi ya fara gagara, aka ɗauke shi zuwa asibiti. Likitoci suka ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta ce ta toshe, kuma wani sashe na tsokar zuciyar ya riga ya mutu saboda awoyin da ya yi babu jini. Allah Ya yi da sauran kwana, Kawu ya tashi. Sai dai mutumin da ke ɗaga bandir ɗin shadda da hannu ɗaya ya dawo gida ba ya iya hawa matakala uku sai ya tsaya ya huta. Shekararsa 54 a lokacin.

A kowane gida akwai ɗan bokon da ake miƙa wa takardu, a namu ni ne. Uwargidan Kawu ta ba ni wata baƙar leda cike da katunan asibiti, rasit, da sakamakon gwaje-gwaje na shekara da shekaru, ta ce in duba ko akwai abin da likita zai buƙata. Na zauna a zaure na jera su bisa kwanan wata, don haka na saba yi a wurin aiki idan manhaja ta lalace: kafin ka taɓa komai, sai ka fara jera abin da ya faru bi da bi.

Takarda uku suka tsaya mini. Ta farko hoton ciki ne na 2017, da layi ɗaya a ƙasa mai cewa akwai kitse a hanta. Ta biyu wani kati ne na 2019 daga wani ƙaramin asibiti inda ya je don zazzaɓi, an rubuta awon jininsa 150 bisa 95 a gefe. Ta uku gwajin suga ne na 2021, kafin ya karya kumallo, ya nuna 6.3, wato bai kai ciwon suga ba amma ya wuce na mai lafiya. Wuri uku daban, mutum uku daban, shekara biyu-biyu a tsakani. Babu wanda ya taɓa ganin takardun nan uku a kan tebur ɗaya sai ni, ni kuma ba likita ba ne, kuma bayan an riga an yi ɓarnar.

Na kai masa ta farkon na ce, "Kawu, kun tuna wannan hoton?"

Ya karɓa ya juya ta. "Na tuna mana, ɗana. Ciwon ciki niy yi, an ka ce in tai a yi hoto. Yaron da yay yi shi yac ce ɗan kitse na ga hanta, ba komi ba na, in dai rage cin maiƙo. Ni ko nic ce mishi ban taɓa kai giya bakina ba, mi hanta za ta yi min?"

Ya kuwa rage maiƙon na 'yan watanni. Ya daina karɓar kitse a wurin mai balangu. Lemun kwalba mai sanyi da yake sha sau uku a yini a shago, da shayin safe mai madarar gwangwani da cokali huɗu na sukari, babu wanda ya ce da shi komai a kansu, shi ma bai ga haɗinsu da kitse ba.

A sana'armu ta rubuta manhaja, kowace manhaja tana da wani kundi da take rubuta abin da ke faruwa da ita. Saƙon da ke ciki iri biyu ne. Akwai na lalacewa, wanda ke tsayar da aiki cak, kowa ya taso a guje. Akwai kuma na gargaɗi, wanda ba ya tsayar da komai, manhaja tana ci gaba da aiki kamar lafiya lau, shi ya sa ba a cika karanta shi ba. Duk wanda ya daɗe a aikin ya san cewa ranar da abu ya rushe, idan ka koma baya za ka tarar gargaɗin yana nan tun watanni, kuma sau da yawa a wani sashe ne daban da wanda ya rushe. Da wannan idon na shiga karatu a kan layin nan ɗaya na takardar 2017.

Hanta ita ce mafi girma a kayan cikin mutum, nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke harbawa yana bi ta cikinta. Abin da hanji ya tsotso daga abinci, akasarinsa ita yake fara kaiwa, ita ke yanke abin da za a ƙona yanzu, abin da za a ajiye, da abin da za a tura cikin jini. Idan kitse ya taru a fiye da kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyinta, sai a ce hanta ta yi kitse. A 1980 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Jurgen Ludwig, tare da abokan aikinsa, suka ba da rahoton marasa lafiya waɗanda hantarsu ta yi kama da ta mashaya alhali ba sa shan giya. Shekaru da dama sunan ciwon yana ɗauke da kalmar giya, wato kitsen hanta wanda ba na giya ba. A 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na duniya suka sauya sunan zuwa MASLD, sunan da ke nuni da rikicewar yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse. A sabon tsarin, kafin a sa wa mutum wannan suna sai an ga kitsen tare da aƙalla ɗaya daga cikin abu biyar: ƙiba ko faɗin ƙugu, hawan jini, hawan suga, yawan kitsen jini, ko ƙarancin kolestarol mai amfani. Duk biyar ɗin abubuwa ne da likitan zuciya ya daɗe yana tsoro. Kawu yana da biyu a cikin leda, na uku kuma yana gabansa kowa na gani.

Tushen abin shi ne insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa bayan an ci abinci don ya shigar da sukari cikin tsoka da sauran sassa. Idan mutum ya daɗe yana ci fiye da yadda yake ƙonawa, kuma tsokarsa ba ta motsi, sai jiki ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata. Kitsen da ke jibge a ciki ya fara tsiyaya cikin jini ya nufi hanta. Ita kuma hantar ta shiga mayar da rarar sukari zuwa kitse. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya bi diddigin kitsen hantar masu wannan ciwo, ya tarar kusan kashi 59 cikin ɗari daga kitsen jiki ya zo, kashi 26 hantar ce ta ƙera da kanta, kashi 15 kacal ya fito kai tsaye daga maiƙon abinci.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Mai kiwon ragon layya ba ya ba shi kitse. Dusa yake ba shi da harawa, ya ɗaure shi a turke kada ya yi yawo. A Faransa ma, inda suke cin hantar agwagwa mai kitse a matsayin abincin alfarma, masara suke ɗura wa tsuntsun har hantar ta kumbura. Hatsi da zama wuri ɗaya suna isa su tara kitse. Sukarin shayi da na lemo kuwa rabinsa wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin sarrafa shi, musamman idan ya zo da yawa a ruwa, lokaci guda.

To ina zuciya ta shigo? Hantar da ta cika da kitse ba ta riƙe shi ita kaɗai. Tana ƙunshe shi tana turawa cikin jini, sai kitsen jini ya hau, kolestarol mai amfani ya sauka, mai cutarwar kuma ya koma ƙanana masu saurin kutsawa cikin bangon jijiya. Tana ci gaba da zuba sukari a jini ko da ba a buƙata, abin da ke jan mutum zuwa ciwon suga. Hanta ce kuma ke ƙera yawancin sinadaran da ke sa jini ya daskare, da wasu na kumburi, kuma idan ta yi kitse suna ƙaruwa. Shekara da shekaru wannan jinin yana wanke bangon jijiyoyi, har wani dasashi ya taru a ciki kamar yadda bututun ruwa ke tsukewa. Ranar da dasashin ya fashe, gudan jini ya toshe hanyar. Idan a zuciya ne, abin da ya sami Kawu ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

A 2021 wasu masana a birnin Berona na Italiya, cikinsu har da Alessandro Mantovani da Giovanni Targher, suka tattara bincike 36 da ya shafi mutum sama da miliyan 5. Suka tarar masu kitsen hanta sun fi marasa shi haɗarin kamuwa da ciwon zuciya ko shanyewar jiki da kusan kashi 45 cikin ɗari, kuma haɗarin ya fi haka nesa ga waɗanda hantarsu ta fara yin tabo. A 2022 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman a kan wannan alaƙa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: babban abin da ke kashe masu kitsen hanta ba hantar ba ce, ciwon zuciya da jijiyoyin jini ne. Wasu kam hantar tasu tana kumbura, ta yi tabo, ta ƙandare, har ta kai ga sankara, amma su ne marasa rinjaye. Kuma ana ƙiyasta kusan mutum 3 cikin kowane 10 na manyan duniya suna da wannan kitse, akasarinsu ba su sani ba, domin ba ya ciwo, ba ya sa ido ya yi rawaya, sau da yawa ma gwajin jinin hanta yana fitowa lafiya lau.

Masana suna muhawara a kan ko kitsen hantar da kansa ke lalata jijiya, ko kuwa shi da ciwon zuciyar 'ya'yan uwa ɗaya ne. Akwai dalilin muhawarar. A 2008 masu bincike a birnin Dalas na Amurka suka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PNPLA3 da ke sa hanta ta tara kitse, amma masu wannan gadon ba a ga ciwon zuciya ya ƙaru musu yadda ya ƙaru wa masu kitsen tumbi da suga ba. Binciken na Dalas ya kuma nuna baƙaƙen fata ba su kai sauran jinsuna tara kitse a hanta ba, alhali hawan jini ya fi yi musu illa. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, ga irinmu, idan har kitsen ya kai ga fitowa a hoto, to a binciki sauran jiki da gaske. Ko shi ne ɓarawon ko abokin tafiyarsa ne, ganinsa a ƙofar gida ya isa a tashi a duba ɗakuna.

Bayan wannan karatu na kai kaina aka yi mini hoton, a farkon 2024, ina da shekara 34. Babu wanda ke ce mini mai ƙiba. Amma aikina na zama ne, ina rubuta manhaja daga ɗakina a Ƙofar Marke ga wani kamfani da ban taɓa taka ofishinsa ba. Awa goma, wani lokaci sha biyu, a kan kujera ɗaya, galibi da dare lokacin da gari ya yi sanyi intanet kuma ta daidaita. Abincin irin wannan aiki sananne ne: indomi da ƙwai daga wurin mai shayi, burodi, da lemo mai sanyi don kore barci. Sakamakon ya fito da irin layin da ke takardar Kawu, kusan kalma da kalma.

Likitar da na kai wa ba ta tsaya a kan hoton ba. Ta fara da gwajin ƙwayar cutar hanta nau'in B da C, suka fito babu. Ta ɗauko tef irin na tela ta auna ƙuguna daidai saitin cibiya, ya ba da santimita 101, ta ce ga namiji daga 94 ake fara damuwa, ga mace daga 80. Ta auna jinina, ta tura ni gwajin suga da na kitsen jini da azumin dare. Na tambaye ta wane magani zan sha don hantar. Ta ce, "Malam, hantarka tana iya kai ka tsufa. Zuciyarka nake dubawa."

Ta nuna mini wani lissafi da ake kira FIB-4, wanda ke ƙiyasta ko hanta ta fara tabo. Abu huɗu yake buƙata: shekaru, sakamakon gwajin hanta biyu da ake kira AST da ALT, da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Idan ya fito ƙasa da 1.3, haɗarin tabo mai tsanani kaɗan ne. Na koma gida na rubuta shi a layi biyar na manhaja, nawa ya ba da 0.7, ko da yake ta gargaɗe ni cewa ba a cika dogara da shi ga wanda bai kai 35 ba. Abin da ya dame ni shi ne sauƙinsa. Duk gwaje-gwajen nan ana yin su a Sakkwato, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Asibitin Ƙwararru, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai haɗa sakamakon wuri ɗaya ya karanta su tare.

Maganin da ta ba ni ba a kemis yake ba. Ta ce idan mutum ya rage kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyinsa, kitsen hanta yana fara janyewa. Idan ya kai kashi 7 zuwa 10, kumburi yana lafawa, tabo ma yana iya raguwa. Ga mai kilo 85 irina, kilo 6 zuwa 8 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kamar giram 50 a yini, wato wajen cokalin shayi 12, in da hali ma rabin haka. Yawancin lemun kwalba yana ɗauke da kusan giram 10 a kowane mililita 100, don haka gora ɗaya ta rabin lita ta cinye kason yini gaba ɗaya. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnatin tarayya ta sa wa irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya hana kowa saye ba. Akwai sabon magani mai suna Rezdiffra da Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2024, amma na waɗanda hantarsu ta riga ta yi tabo ne, kuma kuɗinsa ya haura dala dubu 40 a shekara. Namu maganin yana ƙafafunmu da kofunanmu.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, wanda ya ce ka fita tafiya da rana bai san Sakkwato ba. Lokaci ɗaya ne ke yiwuwa, bayan sallar Asuba, kafin rana ta ɗaga. Shi na kama, nakan nufi wajen fadar Sarkin Musulmi in dawo, rabin awa, da sauri har in ji numfashina ya canza. Watan farko sai da kabu-kabu uku ko huɗu suka riƙa tsayawa kowace safiya suna tambaya ko mashin ɗina ne ya lalace. Na kuma sa wa kwamfutata wata 'yar manhaja da ke rufe allo duk bayan minti 45 sai na tashi na zagaya tsakar gida.

Abin sha ya fi tafiya wuya, domin a wurinmu sukari karamci ne. Ka je gidan mutum a kawo maka lemo ka ce ruwa kake so, sai a ga kamar ka raina. Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, har fura da nono da kakanninmu ke sha da tsaminta, duk yanzu sai an zuba sukari har cokali ya kusa tsayawa. Da na fara ramewa, Inna ta kira maiɗakina gefe ta tambaye ta ko akwai abin da ke damuna a gida. A idonta, da idon yawancin mutanen unguwa, namiji mai aure da ya fara ajiye tumbi shi ne wanda ake kula da shi. Wanda ya rame kuwa, ko bashi ko ciwo. Sai da na kai ta gaban ƙanenta, ya yi mata bayani da bakinsa, sannan ta yarda ta riƙa dama mini fura babu sukari, tana yi tana cewa wannan ai horo ne.

Akwai kuma masu maganin wankin hanta da ke yawo da lasifika a bakin kasuwa. Da labarin Kawu ya bazu, jarka uku aka aiko masa. Likitansa ya hana, ya ce hanta ba tukunya ba ce da za a wanke, kuma wasu haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba su kansu suna ƙona ta. Wani maƙwabci kuma ya ba shi shawarar ya bar maganin rage kolestarol da aka ɗora shi a kai, wai yana lalata hanta. Likitan ya ce irin waɗannan magunguna, da ake kira sitatin, ba a hana masu kitsen hanta shan su ba, su ne ma suka fi buƙatarsu.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a majalisa: kwana idan ya ƙare ya ƙare, ko da tumbi ko babu. Haka ne. Amma Kawu bai mutu ba. Yana nan da ransa, da 'ya'ya bakwai, huɗu suna makaranta, da shagon da ya koma hannun yara, da magani kala biyar da ake saye duk wata. Tsakanin lafiya da mutuwa akwai wani dogon fili da mutum kan zauna shekaru, kuma wannan filin ne ake iya kauce wa.

Don haka, mai karatu, idan akwai irin wannan leda a gidanku, ta mahaifi ko ta miji ko taka, a zazzage ta a jera takardun. Idan aka ga an rubuta kitse a hanta, kada a tsaya a kan "ba komai ba ne". A koma wurin likita da takardar, a nemi a auna jini, a gwada suga, a gwada kitsen jini, a auna ƙugu, a kuma tabbatar babu ƙwayar cutar hanta. Wanda ya ji nauyi ko matsi a ƙirji tare da zufa, ko ciwon da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya ɗauke masa, kada a tsaya neman maganin olsa, a nufi asibiti a lokacin, domin tsokar zuciya tana mutuwa ne awa bayan awa.

Bayan wata goma na sake yin hoto. Kilo 7 sun tafi, ƙuguna ya dawo 92, mai hoton ya daɗe yana yawo da na'urarsa a kwiɓina kafin ya ce bai ga wani abin rubutawa ba. Kawu kuwa yanzu yana iya zuwa masallacin unguwa da ƙafa, yana tsayawa sau ɗaya a hanya. Yawancin yini yana zaure a kan tabarma da butar ruwa a gefe. Makon jiya babban ɗansa, wanda ya gaji shagon, ya shigo da La'asar da gorar lemo a hannu, rigarsa ta fara ɗagewa a gaba. Shekararsa 29. Kawu ya bi shi da kallo har ya zauna, sannan ya juyo wurina.

"Ɗana, gobe in ka tashi tahiyarka ta Asuba, ka buga mishi ƙohwa. In kun dawo ka kai shi wurin likitar nan taka, ta auna shi da tef."